Darasi na 12: Idan Babban Akwatin Wuta Ya Koma Ƙarami

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

- bambanta babban akwatin wuta da ƙarami;
- bayyana aikin wayoyi uku da ke cikin wayarin ɗin gida;
- faɗin dalilin da ya sa ba a haɗa nutural da wayar ƙasa a ƙaramin akwati;
- lissafa nauyin kayan wutar gidansa;
- sa ido a kan aikin mai wayarin da tambayoyin da suka dace.

Gabatarwa

Gida ba ya tsayawa a yadda aka fara gina shi. Bana ɗaki biyu ne da falo, baɗi an yi wa yaro aure an tayar masa da sashe, bayan 'yan shekaru an fasa katanga an fitar da shago. Duk inda gini ya kai kuwa sai wuta ta bi shi. Wata rana mai wayarin zai duba tsohon akwatin wuta da ke cikin gida ya ce ya cika, ko ya yi nisa da mita, gara a kafa sabo a zaure ko a bakin get, tsohon ya riƙa karɓar wuta daga hannun sabon. Shawara ce mai kyau, kuma ta fi sauƙin kuɗi a kan a warware wayarin ɗin gida duka.

Sai dai akwai gyaran da dole a yi a cikin tsohon akwatin, kuma ido ba ya kama rashinsa. Ko ba a yi shi ba ƙwai zai kama, fanka za ta juya, kowa ya ɗauka aiki ya yi kyau. Ba a gane kuskuren sai ranar da jikin firji ko famfon banɗaki ya ja wani.

Wannan darasi ba zai mayar da kai mai wayarin ba, bai kuma ba ka izinin sa hannu cikin akwatin wuta ba. An rubuta shi ne domin maigida da uwargida su san abin da ake yi musu, su iya tambaya, su kuma iya cewa ba su yarda ba.

1. Babba da ƙarami

Wuta tana tasowa daga taransifoma, ta bi falwayoyi, ta sauko zuwa mita. Akwatin farko da ta shiga bayan mita shi ne babban akwati. A nan babbar bireka take, wadda in aka kashe ta gida duka ya yi duhu. Duk akwatin da ke karɓar wuta daga hannun wani akwatin ƙarami ne, ko da ya fi na farkon faɗi da yawan bireka.

Abubuwa huɗu ne suka fi sa tsohon akwati ya sauka daga matsayinsa:

- an ƙara gini, ana bukatar wuri guda da zai raba wa kowane sashe wuta;
- an mayar da mita jikin katangar waje, kamar yadda ake yawan yi idan an kawo mita mai kati;
- an sa janareta ko sola, an kafa makunnin sauya layi, wato canjoba, a gaban tsohon akwatin;
- an tashi daga layi ɗaya an koma layi uku.

Wannan tsari yana da amfani na musamman a irin gidajenmu. Idan babban akwati yana zaure, ƙaramin yana cikin gida, matan gida suna da inda za su kashe wuta nan take in wani abu ya taso, ba sai an jira an aiki yaro waje ba.

2. Wayoyi uku, ayyuka uku

Wutar gida a Najeriya da Nijar tana zuwa da ƙarfin kusan bolt 230 tsakanin layi ɗaya da nutural. A gidan da ke da layi uku, tsakanin layi da layi kusan bolt 400 ne. Wayoyin da ke aiki a kowane soket uku ne.

Layif ita ke kawo wuta. Nutural ita ke mayar da wutar zuwa taransifoma bayan ta ratsa ƙwai ko firji. Kada sunan ya ruɗe ka: duk wutar da ta shiga ta layif ta nutural take fita, don haka ita ma waya ce mai ɗaukar kaya kullum.

Wayar ƙasa aikinta daban ne. An ɗaura ta a jikin duk wani ƙarfe da hannu zai iya taɓawa, kamar jikin firji, injin wanki, injin jan ruwa da jikin akwatin wutar kansa, sannan ta tafi ga sandar jan ƙarfe da aka binne a ƙasa. Kamar indararo take: a bushe take zama sai ranar ruwa. Ranar ruwanta ita ce ranar da layif ta goge ta taɓa jikin na'ura, sai ta kwashe wutar ta ba na'urar kariya damar yanke layi. Idan aka ga indararo yana zuba da rani, an san wani abu ya fashe a sama. Haka ma in aka auna aka tarar wuta tana bin wayar ƙasa alhali komai lafiya, akwai kuskure a wayarin.

3. Dokar da darasin nan ya ginu a kanta

Nutural da ƙasa suna haɗuwa, amma a wuri ɗaya tak, a tushen wuta. Daga wannan wuri zuwa soket na ƙarshe kowacce hanyarta daban. A ƙaramin akwati ba a haɗa su.

Matsalar ita ce tsohon akwati sau da yawa yana ɗauke da wannan haɗin tun lokacin da yake babba. Wani lokaci guntuwar waya ce tsakanin mahaɗar nutural da mahaɗar ƙasa. Wani lokaci an cusa wayoyin biyu ne a mahaɗa ɗaya saboda ƙarancin ramuka. In aka bar shi haka bayan ya koma ƙarami, ga abin da zai biyo baya:

Na farko, wutar da ke komawa za ta rabu biyu, wani kaso ya bi nutural, wani ya bi wayar ƙasa da duk ƙarfen da ke manne da ita. Abin da aka tanada don kariya ya zama hanyar wuta ta yau da kullum.

Na biyu, in nutural ta kwance ko ta tsinke, a tsakanin akwatunan biyu ko a kan falwaya, wutar ba za ta tsaya ba. Za ta nemi hanya ta wayar ƙasa. Ƙwai zai iya ci gaba da haske, amma jikin firji da famfo sun ɗauki wuta, suna jiran wanda zai taɓa su da jiƙaƙƙen hannu ko ƙafa ba takalmi.

Na uku, birekar da ke gano yoyon wuta za ta yi ta faɗuwa. Ita wannan bireka tana gwada abin da ya fita ta layif da abin da ya dawo ta nutural, in ba su yi daidai ba ta yanke. Mai aikin da bai san dalili ba sai ya ce birekar ce ta lalace, ya cire ta ko ya tsallake ta da waya. Da haka an rufe kuskure ɗaya da wani da ya fi shi muni.

Na huɗu, wasu mitoci masu kati suna auna layif da nutural duka. Nutural da ta cakuɗe da wayar ƙasa, ko da ta wani sashe mai mitarsa daban, tana iya sa mita ta nuna alamar matsala ko ta ƙirga abin da ba kai ka sha ba.

A Amurka wannan doka a rubuce take filla-filla cikin kundin ƙa'idojin wayarin na NEC, wanda aka fara fitarwa a 1897, kuma ƙungiyar NFPA ke sabunta shi duk shekara uku. Wutar gidajensu bolt 120 da 240 ce, kuma ana haɗa nutural da ƙasa a wurin yanke wuta na farko bayan mita, sau da yawa da wani koren noti da ke ɗaure mahaɗar nutural da jikin akwati. In akwatin ya koma ƙarami, a cire notin, a sa mahaɗar ƙasa daban, a kawo wuta da waya huɗu: layif biyu, nutural da wayar ƙasa. Bugun 2008 ya rufe sassaucin da ake yi na kai wa wani gini daban wuta da waya uku a sabon aiki. Bugun 2020 kuma ya wajabta makashin gaggawa a wajen gida domin 'yan kwana-kwana, abin da ya sa akwatin cikin gida ya koma ƙarami a gidaje da yawa.

A wurinmu tsarin ya ɗan bambanta. Gidaje masu yawa layif da nutural kawai suke samu daga falwaya. Haɗin nutural da ƙasa yana can gindin taransifoma, kowane gida kuma yana binne sandarsa. A irin wannan tsari ko a babban akwati ma ba a haɗa su. Tantance tsarin da gidanka yake kai aikin ƙwararre ne. Amma ko wane tsari ne, hukuncin ƙaramin akwati ɗaya ne: mahaɗar nutural a ware, ba ta taɓa jikin akwati, mahaɗar ƙasa a ɗaure da jikin akwati, babu gada a tsakaninsu.

4. Me ya sa sandar ƙasa kaɗai ba ta isa ba

Mutane da yawa suna ɗauka da zarar an binne sanda an gama kariya. Lissafi ya nuna ba haka ba ne. A ce juriyar ƙasar da ke kewaye da sandar om 50 ce. In layif ta taɓa jikin firji, wutar da za ta bi ta ƙasa ita ce 230 a raba da 50, wato amfiya 4.6. Bireka mai amfiya 20 ba za ta motsa ba, domin a wurinta wannan bai kai kayan dutsen guga da firji a haɗe ba. Da rani kuma, idan ƙasar Arewa ta bushe ƙayau, juriyar ƙaruwa take yi.

Jikin mutum kuwa ba ya jure ko kusa da haka. Amfiya ɗaya miliamfiya 1,000 ce. Wajen miliamfiya 10 hannu yana iya ƙagewa ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 30 zuwa sama numfashi da bugun zuciya suna cikin haɗari. Bireka ta yau da kullum waya take karewa daga zafi da gobara. Mai kare mutum ita ce birekar yoyon wuta mai miliamfiya 30, wadda ke yanke layi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Ana gane ta da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta. Layukan soket, banɗaki, kicin da injin ruwa na ƙaramin akwati su kasance ƙarƙashinta. In an sa wata a babban akwati, a zaɓi mai ɗan jinkiri, mai miliamfiya 100 ko 300, don matsalar ɗaki ɗaya kada ta kashe wutar gida duka.

5. Lissafin kaya, bireka da kaurin kebul

Kebul ɗin da zai tashi daga sabon akwati zuwa tsohon shi ne zai ɗauki kayan sashen gaba ɗaya. Ba a zaɓensa da ido. Ana fara tattara ƙarfin kayan da za su iya aiki lokaci guda, kuma yawanci a rubuce yake a jikin kowace na'ura. Ga misali:

- na'urar sanyaya ɗaki: wat 1,200
- butar lantarki: wat 2,000
- dutsen guga: wat 1,000
- injin jan ruwa: wat 750
- fanka huɗu: wat 300
- firji: wat 200
- talabijin: wat 150
- ƙwai goma: wat 100

Jimla wat 5,700. A raba da 230, ya ba da kusan amfiya 25. Injin ruwa da na'urar sanyaya ɗaki suna jan fiye da haka lokacin tashi, gida kuma ƙara kaya yake yi, don haka bireka mai amfiya 40 ta dace da wannan sashe.

Birekar da ke kare kebul a farkonsa ake sa ta, wato cikin sabon akwati. Babbar birekar tsohon akwati tana iya zama a matsayin makashin sashen. Girman bireka kuma raguwa yake yi daga sama zuwa ƙasa, misali 63 a babba, 40 a kan kebul ɗin sashe, 20 ga soket, 10 ga ƙwai. Ba a taɓa sa birekar da ta fi ƙarfin wayar da ke bayanta.

Sai maganar nisa. Wuta tana raguwa a hanya, kuma siririyar waya ta fi cin ta. In amfiya 40 ta yi tafiyar mita 30 cikin kebul ɗin jan ƙarfe mai kaurin milimita murabba'i 6, kusan bolt 9 ne zai zube. In mai 10 ne, bolt 5 da ɗan kai. Ƙa'idar Ingila, wadda wayarin ɗin Najeriya ya gada, ta taƙaita raguwar ga kashi 3 cikin ɗari a layin ƙwai, wato kusan bolt 7, da kashi 5 a sauran layuka. Ke nan mai 6 ya faɗi tun kafin wuta ta shiga ɗaki, mai 10 ne ya dace. A unguwar da wuta ke zuwa ba ƙarfi tun asali, wannan bambanci shi ne tsakanin firjin da ke tashi da wanda ke gurnani har ya ƙone. Zafin rufin kwano ma yana rage abin da waya ke iya ɗauka.

A kula da ingancin kebul. Akwai wanda aka rubuta masa 10 amma cikinsa bai kai ba, akwai kuma alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe. A nemi mai shaidar hukumar SON mai kula da ingancin kaya. Araha ba ta ado, a wayar wuta kuma gobara take jawowa.

6. Launin waya

Tsohon wayarin yana amfani da ja ga layif, baƙi ga nutural. Ingila ta fara sauya launi a 2004, ta kammala a 2006: ruwan ƙasa ga layif, shuɗi ga nutural, wayar ƙasa kuma ta ci gaba da zama kore da rawaya. Kasuwanninmu suna da nau'in biyu. A tsarin layi uku abin ya fi haɗari, domin a tsohon launi shuɗi layif ne, baƙi nutural, a sabon kuma baƙi layif ne, shuɗi nutural. Aikin da ya haɗa tsohon akwati da sabo shi ne daidai inda launukan ke karo. In aka ɗaura layif a gurbin nutural, bolt 400 zai faɗa wa kayan da aka yi domin 230. Don haka ba a yarda da launi sai na'urar awo ta tabbatar, kuma a sa wa kowace waya alama.

7. Janareta da sola

Wajibi ne canjoba ta raba wutar kamfani da ta janareta raba ta gaskiya, yadda ba za su taɓa haɗuwa ba. A irin tsarin gidajenmu tana yanke layif da nutural duka. Wutar janareta da ta koma kan falwaya taransifoma za ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ta iya kashe ma'aikacin da ya hau gyara yana ganin layi a mace yake. Idan janareta ko inbata na bukatar a haɗa masa nutural da ƙasa, a wurinsa ake yi bisa umarnin masu ƙera shi. Ba a mayar da gadar cikin ƙaramin akwati.

8. Yadda aikin ke tafiya

1. A sanar da kamfanin rarraba wuta in aikin zai shafi mita ko wayar da ta sauko daga falwaya. KEDCO ne a Kano, Katsina da Jigawa; Kaduna Electric a Kaduna, Sakkwato, Kebbi da Zamfara; NIGELEC a Nijar. Karya hatimin mita laifi ne.
2. A kashe dukkan hanyoyin wuta: ta kamfani, janareta, inbata da batir. A auna a tabbatar babu wuta. Ɗauke wuta ba kashewa ba ne, domin ana iya dawo da ita kowane lokaci.
3. A kafa sabon akwati da babbar birekarsa da birekar sashe.
4. A ja kebul mai waya uku, ko biyar in layi uku ne. Bututun ruwa ko rodin gini ba sa maye gurbin wayar ƙasa.
5. A tsohon akwati a cire gada, a tsince wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kowace nutural a mahaɗarta, kowace wayar ƙasa a tata.
6. A haɗa sandar ƙasa da mahaɗar ƙasa ta babban akwati. Tsohuwar sanda, in awo ya nuna tana da kyau, tana iya zama a kan layin ƙasa.
7. A yi gwaji kafin a kunna, a kuma rubuta sunan ɗakin da kowace bireka ke riƙe da shi.

9. Wa zai yi, me za ka tambaya

Hukumar NEMSA, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke duba ingancin wayarin a Najeriya, tana kuma ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa. Neman ganin wannan takarda ba raini ba ne. Matambayi ba ya ɓata, ƙwararre na gaskiya kuma ba ya jin haushin tambaya. Ka ce masa:

- Injiniya, waya nawa ne cikin kebul ɗin da zai je tsohon akwati?
- Nuna mini inda ka raba nutural da wayar ƙasa.
- Da wane lissafi ka zaɓi kaurin kebul da girman bireka?
- Om nawa sandar ƙasa ta nuna?
- Wace bireka ce ke kare mutum a nan?

Akwai gwaji biyu da za ka iya gani da idonka. Kafin a ɗaura kebul ɗin da ya zo daga babban akwati, ya ɗora na'urar awo tsakanin mahaɗar nutural da ta ƙasa a ƙaramin akwati: kada ta nuna haɗi. Bayan an kunna wuta an ɗora kaya, ya maƙala na'urar awon amfiya a wayar ƙasa: ta nuna sifiri ko dab da shi. Kada ka cika kuɗin aiki sai ka ga waɗannan biyun.

Taƙaitawa

Akwatin da ke karɓar wuta daga wani akwatin ƙarami ne. A cikinsa nutural da wayar ƙasa a rabe suke. Kebul ɗin da ke ciyar da shi yana ɗauke da wayar ƙasa tasa, kaurinsa daga lissafin kaya da nisa yake fitowa, birekarsa kuma tana farkonsa. Birekar yoyon wuta mai miliamfiya 30 ce ke kare rai. Aikin na mai takardar shaida ne, sa ido kuma na masu gida ne.

Tambayoyi

1. Me ya bambanta babban akwati da ƙarami?
2. Kawo illa uku na barin gada tsakanin nutural da wayar ƙasa a ƙaramin akwati.
3. Kayan wani sashe sun kai wat 4,600. Amfiya nawa ke nan a kan bolt 230?
4. Juriyar sandar wani gida om 100 ce. Amfiya nawa za ta bi ta ƙasa in layif ta taɓa jikin na'ura? Bireka mai amfiya 16 za ta faɗi?
5. Me ya sa ba a dogara da launin waya kaɗai?

Aikin gida

Ba tare da kwance murfin da aka ɗaure da noti ba, duba akwatin wutar gidanku. Rubuta lambar da ke jikin kowace bireka, ka lura ko akwai mai maɓallin gwaji. In akwai, danna shi da rana bayan an kashe kayan da ke aiki. Ya kamata wuta ta yanke nan take, kuma a riƙa maimaita wannan duk wata uku. Nemi inda aka binne sandar ƙasa. Lissafa wat na kayan gidanku, ka fitar da amfiya. Daga ƙarshe ka nuna wa kowane baligi a gidan birekar da ke kashe wuta duka, ka zo da sakamakon aji na gaba.